Yadda na gyara shinkafar da ta tsaya bayan dashe a Kura

Sati uku da dashe shinkafa ta ƙi tashi: wani wuri dogo, wani wuri gajere, ganye da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, jijiyar tsakiyar sabon ganye ta yi fari daga gindi. Ba yunwar yuriya ba ce, ita wannan tsohon ganye take fara mayarwa ruwan ɗorawa bai ɗaya. Da sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, sabon ganye ne zai yi ɗorawa tsakanin jijiyoyi. Wannan ƙarancin zinki ne, sinadarin da tsiro ke buƙata kaɗan don ya yi tsawo ya kuma yi 'ya'ya.

Galibi zinkin yana nan cikin ƙasa, saiwa ce ba ta iya ɗauka: ruwa ya daɗe kwance, ko ƙasar mai kanwa ce, ko an cika takin supa, wato takin fosfet. Shi ya sa ƙarin buhun yuriya asarar kuɗi ce kawai.

Na fara zare ruwan, ƙasa ta sha iska. Sannan na narkar da zinki salfet, wato takin da ke ɗauke da zinki, giram 5 a kowace lita, wato giram 80 a injin feshi na goyo mai lita 16, na fesa da yamma, don zafin rana kan sa ya ƙone ganye. Bayan kwana 10 na maimaita. A duba sabon ganye don a ga ko feshin ya yi aiki. Wanda ya riga ya yi tabo ba ya komawa kore.

Kafin dashe na gaba, a zuba zinki salfet kilo 25 a hekta ɗaya, a cuɗa da ƙasa. Kada a gauraya shi da supa.