Yadda za ka hau Burj Khalifa in ka je Dubai

Jama'a in Allah Ya kai ku Dubai sarin kaya, don Allah kar ku ƙare a kasuwannin Deira kawai, ku ware yamma ɗaya ku hau Burj Khalifa. Tsayinsa mita 828, tun 2010 aka buɗe shi kuma har yau babu ginin da ya kamo shi a duniya.

Ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, yafi sauƙin kuɗi kuma kai za ka zaɓi lokacinka. Na hawa na 124 da 125 ya wadatar wallahi, na 148 tsada gare shi sosai. Lokacin faɗuwar rana ma ana ƙara kuɗi, amma ni dai shi nake ba mutane shawara, don za ka ga garin da rana sannan ka ga fitilu suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, ga teku can ga hamada can, motoci a ƙasa kamar tururuwa, sai dai ka ce Allahu Akbar.

Daga Deira ka shiga jirgin metro jan layi ka sauka a tashar Dubai Mall, ta cikin mall ɗin ake shiga a hawan ƙasa, kuma akwai tafiyar ƙafa mai nisa fa, to ka fito da wuri. Babbar jaka kar ka ɗauko.

Lifta kusan minti ɗaya take kai ka sama, kunnenka zai toshe, ka riƙa haɗiyar yawu. Ranar da akwai ƙura a gari kuwa ka haƙura ka ɗage, ba abin da za ka gani.