Yadda Mai Koyon Gyaran Waya Zai Zaɓi Abin da Ya Cancanci Wahalarsa

Yaron da ya shiga koyon gyaran waya, a kasuwar Farm Centre ta Kano ne ko a wata rumfa ta bakin tasha, ba ya daɗewa sai ya ga abin koyo ya fi ƙarfin lokacinsa, domin sababbin wayoyi ba sa daina fitowa, YouTube kuma cike yake da masu nuna dabaru. Taura biyu ba ta taunuwa, dole ne ya san wadda zai fara kaiwa baki.

Abin da ya kamata shi ne ya samu ɗan littafi, ya yi wata guda yana rubuta kowace waya da aka kawo teburin maigidansa, da sunanta da abin da ke damunta. A yawancin garuruwan Arewa zai tarar da Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, sun cika shafukan, matsalolin kuwa ba sa wuce fashewar sikirin, lalacewar bakin caji, kumburin batir, da wayar da ta faɗa ruwa. Waɗannan ne abincinsa, su zai maimaita a kan matattun wayoyi har hannunsa ya faɗa, ya iya ɗaga sikirin ba tare da ya tsinke siririyar igiyar da ke ƙarƙashinsa ba.

Daga nan sai ya riƙa tambayar kansa shekara nawa ilimin zai yi yana amfani. Wanda ya iya karanta mita, wato na'urar auna ƙarfin wuta, ya san cajar USB ta yau da kullum tana ba da volt 5, ya san batirin waya yana zama kusa da volt 3.7 ko 3.8, yana haura 4 idan ya cika. Da wannan kaɗai zai gane ko laifin na caja ne, ko na bakin caji, ko batir ne ya mutu, kuma sanin ba ya tsufa ko an sake fasalin waya sau goma. Dabarun da suka keɓanta da samfuri ɗaya kuwa ba su da wannan ƙarko. Waɗanda suka ƙware a kan BlackBerry sun ga kamfanin ya yanke hidimar tsofaffin wayoyinsa a watan Janairun 2022, bakin cajin Lightning da Apple ya fito da shi a 2012 shi ma an maye gurbinsa da USB-C a iPhone 15 a 2023. Irin wannan ba a haddace shi, ana nemo shi ne ranar da aikin ya zo.

A ganina inda yara suka fi ɓata lokaci shi ne sha'awar aikin cikin injin waya, wato ɗaga ƙananan sassa da iska mai zafi a mayar da su da dalma, saboda shi ke jawo suna. Malaman zaure ba sa miƙa Muhtasar ga ɗalibin da bai sauke Ahalari da Ishmawi ba. Wannan aiki yana buƙatar madubin ƙara girma da wutar lantarki wadda ba ta hawa da sauka, wanda bai mallake su ba kuwa ƙona wayar mutane zai yi, ya biya daga aljihunsa. Idan irin wannan aiki ya zo, ya kai wa gwanin da ke layin, ya tsaya a gefe yana kallon hannunsa, ya rubuta a littafin nan sau nawa aka kawo shi a wata.