Yadda ake gano abokin kowane ƙarfi a dokar Newton ta uku

Dokar da Isaac Newton ya wallafa a 1687 cewa take yi: idan wani abu ya tura wani, shi ma wancan yana mayar masa da turi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiyar ta farko. Haddace ta ba wuya. Inda ɗalibai ke tuntuɓe a jarrabawar fiziks shi ne gano wane ƙarfi ne abokin wane.

Ga dabarar. Rubuta ƙarfin da sunaye biyu, mai yi da wanda ake yi wa, sannan ka juya su. Masunci a Argungu ya kafa gora a ƙasan kogi zai tura kwalekwale: gora na tura ƙasa baya, ƙasa na tura gora gaba. Ka samu abokin ke nan. Da zarar suna na uku ya shigo, an kauce hanya.

To, ga buhun shinkafa mai kilo 50 a kan benci. Duniya na jan sa ƙasa da ƙarfin niyuton 490 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), wato 50 sau 9.8, don kowane kilo da niyuton 9.8 take jan sa, benci kuma ya tokare shi da niyuton 490. Adadi ɗaya, fuska kishiya, sai ɗalibi ya ce ai ga abokan nan. Ina! Duka biyun a jikin buhun suke aiki, kuma ba irinsu ɗaya ba: wannan jan duniya, wancan tokara. Juya sunayen mana. Duniya na jan buhu, ashe buhu ma na jan duniya da niyuton 490. Abokin tokarar benci kuwa shi ne dannawar da buhu ke yi wa bencin. Janye bencin ka gani: tokara ta tafi, jan duniya na nan, buhu ya zube. Da abokan juna ne, da tare za su ɓace.

Su kuwa abokai na gaskiya, tunda kowanne jikin da yake aiki daban, ba sa kashe juna. Kada ka zana su a kan abu ɗaya.

Don ɗalibai su gani da ido, samo sikelin rataya guda biyu, irin na masu awo a kasuwa. Ɗaure ɗaya a ƙarfen taga, maƙala ƙugiyarsa da ta ɗayan, ka ja a hankali har naka ya nuna kilo 3. Na tagar ma 3 zai nuna. Idan sun saɓa, galibi ba a daidaita allura a kan sifiri ba, ko an ja a karkace har sandar ciki tana gogar jikin sikelin. A kwance za ka saita sifirin, yadda za ka ja su, don wanda aka saita a rataye yana ɗan gocewa idan aka kwantar da shi.