Kurakuran da iyaye suka fi yi a haihuwar fari

Yawancin kurakuran masu ɗan fari tsoro ne ke haifar da su, kuma babu tsoron da ya kai na cewa nono bai ishi jariri ba. Uwa za ta shayar da shi da ƙarfe biyu na dare, kafin uku ya sake tsala kuka yana tsotsar hannu, sai ta yanke hukuncin cewa nononta ya gaza, ta fara ɗura masa ruwa ko madarar gwangwani. Alhali cikin sabon haihuwa ɗan mitsitsi ne, shi ya sa yake neman nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, kuma yawan tsotson ne ke sa nonon ya ƙaru. Dakashin kwanakin farko, duk da ƙarancinsa, ya wadatar, yana kuma ɗauke da garkuwa daga cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Mai son sanin ko jariri yana ƙoshi ya duba famfas ɗinsa: daga kwana na biyar, idan yana jiƙa shi kamar sau 6 a rana, alama ce mai kyau. 'Yar ramar makon farko ma ba abin tashin hankali ba ce, domin yawanci nauyinsa kan dawo cikin mako biyu.

Kwanciyar rub-da-ciki kuskure ce mai hatsari, ko da kuwa jariri ya fi daɗewa yana barci a haka. A kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, babu matashi, babu tulin barguna. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

Abin mamaki, iyayen da ke firgita da shaƙuwa ko atishawa su ne kan yi jinkiri inda gaggawa ta wajaba. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai cika wata 3 ba, ko ƙin kama nono, ko numfashi da ƙyar, na asibiti ne nan take, ba na jiran gari ya waye ba.

Idan kuka ya ƙi ƙarewa har zuciya ta fara hawa, kada a girgiza shi, domin hakan na iya lahanta ƙwaƙwalwarsa. A ajiye shi a gadonsa, a fita na 'yan mintoci, ko a miƙa wa uban, wanda sau da yawa akan mayar da shi ɗan kallo da sunan bai iya ba, alhali riƙon ne zai koya masa.

Sai mai jego kanta, wadda kowa ke mantawa da ita. Kuka da ƙuncin rai a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, amma idan suka zarce mako biyu, ko ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, to a kai ta ga likita, domin ciwon damuwa na bayan haihuwa yana da magani.