Kurakuran da aka fi yi wajen auna pH

pH lamba ce da ke nuna ƙarfin asid ko bes, wato kishiyar asid, a cikin ruwa. Rikicin yakan fara ne tun daga lambobin. Ɗalibai da yawa suna zaton babbar lamba ita ce asid mai yawa, alhali a juye abin yake: ƙasa da 7 asid ne, 7 tsaka-tsaki, sama da 7 kuma bes. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, jinin mutum tsakanin 7.35 da 7.45.

Wanda ya fi wannan ɓarna shi ne lissafa tazarar lambobin kamar na ma'aunin tela. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne na ayon ɗin haidirojin, wato ƙwayoyin da ke sa ruwa ya zama asid, don haka ruwa mai pH 3 ya ninka mai pH 5 sau ɗari, ba sau biyu ba. Ɗebi mililita 10 na asid mai ƙarfi mai pH 2, ka ƙara ruwa har ya cika mililita 100, zuwa 3 kawai zai matsa. Kuma komai yawan tsabtataccen ruwan da ka tuttula, 7 zai yi ta kusanta, ba zai tsallaka ya zama bes ba.

Takardar litmos, wadda ake tsomawa a ruwa a ga sauyin launi, ja ko shuɗiya, ita ma tana ruɗin mutane. An tsoma ja, ta fito ja, sai a rubuta "asid". Gaggawa ke nan, domin ruwa tsaka-tsaki ma ba ya sauya ta. A tsoma shuɗiya: in ta koma ja, asid ne; in duka biyun ba su sauya ba, tsaka-tsaki ne. Kada a kama bakin takardar da jiƙaƙƙen hannu, gumi yana ɓata sakamako.

Sai masu ganin 5.8 a tataccen ruwa su ce mita, wato na'urar auna pH, ta lalace. Lafiyarta ƙalau, ruwan ne ya sha iskar kabon dayoksaid da aka bar shi a buɗe. Haka kuma 7 ɗin nan na tsaka-tsaki a zafin digiri 25 na Selsiyos ne. A digiri 50, tsaka-tsaki yana wajen 6.6.

Ita mita, a saita ta da ruwan gwaji mai pH 7 tukuna, sannan 4 ko 10, gwargwadon abin da za a auna. A ɗauraye bakin gilashinta tsakanin awo da awo, a ɗan ɗiga takarda ta tsotse ruwan ba tare da gogawa ba. In an gama, a ajiye bakin gilashin cikin ruwan fotasiyam kulorayid, ba tataccen ruwa ba, don tataccen ruwa yana zuƙe gishirin da ke ciki har mitar ta riƙa jinkiri da yawo da lamba.