Darasi na 9: Sanin Tsuntsu ta Kukansa

Idan ka idar da sallar asuba, kada ka yi saurin komawa ɗaki. Gangara bakin kogi, ka sami gindin bishiya ka zauna, ka yi shiru. A nan Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, wannan ne lokacin da tsuntsaye suka fi sakin murya.

Wadda za ka fara ji ita ce kurciya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira gumriya. Kukanta a hankali yake, gaɓa biyar ko shida, kamar mai dariya ƙasa-ƙasa. Ni dai duk cikin tsuntsaye ita ta fi kwanta mini a rai. Ko da tsakar rana, lokacin da zafi ya rufe bakin kowa, tana kan katanga tana kumbura wuya tana abinta. Wata dattijuwa a ajinmu ta ce mini, "Malam, in na ji ta, sai in tuna tsakar gidan kakata." Ɗalibai da yawa suka gyaɗa kai.

Alhudahuda ba ya ɓoyuwa: hud-hud-hud, sau biyu ko uku, sai ya ɗan tsaya. Shi ne tsuntsun Annabi Sulaimanu da aka ambata a Suratun Namli, aya ta 20.

Shamuwa kuwa ba mawaƙiya ba ce. Baki take kaɗawa, kaf-kaf-kaf, a kan sheƙarta. Tana zuwa mana daga kudu gab da damina, shi ya sa manomi in ya gan ta sai ya fara gyara fartanya da iri.

Akwai kuma kukan da ba a marhabin da shi. In dawa ta fara nuna ka ji wani shuu kamar ruwa na tahowa, da ciu-ciu ba iyaka, to jan-baki ne, wanda Larabawa ke kira zarzur. Garke ɗaya kan cinye gona a yini. Maza a tura yara da gwangwani da majajjawa.

Aikin gida: gobe ka saurara na minti 10. Rubuta sunan kowane tsuntsu da ka ji, da inda ka ji shi. Wanda ba ka san sunansa ba, ka kwaikwayo mana kukansa a aji. Sannan ka rubuta kalmar tsuntsu sau 5, ka lura "ts" sau biyu ta fito a ciki.