Yadda Ake Rubuta Littafin Girke-Girke a Buga Shi da Kuɗin Kai a Maraɗi

Idan aka tambayi gwanar girki a Maraɗi yawan kanwar da take zubawa a ɗan wake, amsar da aka fi samu ita ce "daidai misali", ko kuma ta ce hannunta ne ya sani. Wannan amsa tana wadatar da ɗiyar da ke tsugune kusa da murhu tana kallo, amma ba ta amfanar amaryar da aka kai Tasawa ko Dakoro, wadda ba ta da kowa a gabanta sai takarda. Saboda haka babban aikin mai rubuta littafin girke-girke shi ne ta fitar da abin da hannu ya sani ta mayar da shi awo da bayani, sauran matakan kuwa duk a kan wannan suke tsayawa.

Mataki na farko shi ne ki tsayar da wadda kike rubuta wa, domin littafin amare daban yake da na mai sana'ar abincin sayarwa, kuma dukansu daban suke da na buɗa-bakin azumi. A ganina, abin da ya fi ƙaranci a kasuwa shi ne abincin gida: dambun zogale, fura, tuwon hatsi da miyar kuka mai daddawar batso, kunun aya, ƙuli-ƙuli, da farfesun jar akuyar da ta fitar da sunan Maraɗi a duniya. Girki 40 da kika dafa da hannunki sun fi 200 da aka kwaso daga Facebook.

Mataki na biyu shi ne awo, kuma a nan ne ya kamata ki ɓata mafi yawan lokacinki. Ki sayi ƙaramin sikeli da kofin awo, ki ajiye littafin rubutu a madafa, sannan duk abin da za ki zuba a tukunya ki auna shi kafin ya shiga. Kada ki yi watsi da awon da mata suka saba da shi, wato tiya da gwangwani da ludayi, amma ki bayyana nauyinsa a shafin farko, domin tiyar hatsi takan kai wajen kilo 2 da rabi, ta gari ba ta kai haka ba, gwangwanin tumatir kuwa akwai babba akwai ƙarami. Cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali kuma 15. Mu koma ga ɗan waken nan. Bai isa ki rubuta "a zuba ruwan kanwa" ba, sai kin faɗi ko ungurnu ce ko jar kanwa, girman gutsuren da aka jiƙa, yawan ruwan da aka jiƙa shi a ciki, da yadda ƙullin zai kasance idan ya yi, wato ya riƙa danƙo yana bin hannu ba tare da ya tsinke ba. Haka nan lokacin dahuwa ba ɗaya ba ne tsakanin mai itace da mai gawayi da mai gas, don haka duk inda kika rubuta minti, ki haɗa shi da alamar da ido zai gani, kamar tasowar ɗan wake saman ruwa ko lokacin da kumfar man gyaɗa ta kwanta.

Daga nan sai gwaji a hannun wata. Ki miƙa takardar ga yarinyar da ba ta taɓa dafa wannan abinci ba, ki ja kujera ki zauna, ki kama bakinki ko da kin ga tana shirin ɓata tukunya. Duk inda ta ɗago kai ta ce "Inna, a rufe ko a bar shi buɗe?", to nan akwai giɓi a rubutunki, sai ki cike shi ki ba wata dabam ta sake gwadawa. Wannan mataki yana cin cefane, yana kuma taɓa girman kan gwanaye, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Mataki na huɗu shi ne tsara rubutun. Kowane girki ya zo da sunansa, yawan mutanen da zai ciyar, kayan haɗi bisa jerin da za su shiga tukunya, sannan yadda ake yi. Ki bi ƙa'idar rubutun Hausa da hukumomin ilimi na Nijar suka tsayar a 1999, ki kuma ba wani malamin Hausa ya duba miki, tun da a garin nan akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da makarantu masu yawa. Idan kina fatan littafin ya tsallaka iyaka, ki sa ɗan ƙamus a ƙarshe, domin abin da muke kira hatsi da tonka, a Kano gero da barkono suke cewa. Ki kula ƙwarai da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A bugun gwaji na farko da na karɓo daga wata maɗaba'a, duk inda na rubuta "ƙullu" sai wani ɗan akwati ya fito a madadin harafin farko, saboda kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi. Maganin haka shi ne a zaɓi samfurin haruffa irin Charis SIL ko Andika, a kai aikin a matsayin PDF, wato fayil ɗin da tsarin rubutunsa ba ya canzawa a kowace kwamfuta.

Hoto kuwa wayar hannu mai kyau ta isa, muddin aka ɗauka da hantsi a inuwa, cikin akushi ko ƙwarya mai tsabta. Kada ki ɗauko hoton wani daga intanet, kuma idan za ki tura ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil, domin in ba haka ba manhajar tana rage ingancinsa ya fito dishi-dishi a takarda.

Wajen bugawa, girman A5, wato santimita 14.8 da 21, ya fi dacewa da madafa da aljihun mai saye. Yawan shafuka ya zama wanda 4 ke rabawa, kuma idan kika tara hotuna masu launi a shafuka 8 na tsakiya, sauran suka tafi baƙi da fari, kuɗin zai sauko sosai. Ki nemi farashi a wuri 3 aƙalla, a nan Maraɗi, a Yamai, da kuma Kano, inda marubutan Hausa suka daɗe suna buga littattafansu da kansu tun shekarun 1980. Sai dai mai zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ta lissafa kuɗin mota, canjin naira da halin da iyaka take ciki. Kada ki biya cikon kuɗi sai kin riƙe kwafin gwaji kin karanta shi daga bango zuwa bango, kuma ki kai aikin ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a yi masa rajista da sunanki. A ce kwafi ɗaya ya tsaya miki jika 1 da rabi, to sayar da shi ƙasa da jika 3 asara ce, domin dillali zai cire nasa, dangi za su karɓi na kyauta, wasu kwafin kuma za su lalace.

Sayarwa tana farawa tun kafin bugu. Ki riƙa saka girki ɗaya-ɗaya a zaurukan WhatsApp, ki karɓi sunayen masu so da rabin kuɗinsu ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita ko Amana, sai yawansu ya nuna miki ko kwafi 200 za ki buga ko 500. Ki kai littafin tarukan asusun mata irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar nan a 1991, da wurin masu haɗa kayan ɗakin amare, ki kuma yi ƙoƙari ya fito a watan Sha'aban, lokacin da kowane gida ke tunanin abincin azumi. Game da PDF, shawarata ita ce kada ki sake shi sai bugun farko ya ƙare, domin kwafi ɗaya da aka saya da safe yana iya zagaya zauruka 10 kafin la'asar. Ki sa lambar waya ta musamman a bangon baya, duk wadda ta kira ta ce kununta ya tsinke ko wainarta ta kama tanda ki rubuta shafin da matsalar, domin da waɗannan za ki gyara bugu na biyu.